Haƙorin Makkan Hajiya Rabi a Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar ban huta ba. In na fito daga masallaci, tambaya. In na zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya, tambaya. Har Alhaji Sani mai taki, wanda ba ya gaishe ni sai damina ta gabato, ya tako ƙofar gidana wai in ba shi labarin dalar Fir'auna. To ni ban ga dalar ba sai ta tagar mota, can nesa. Abin da ya kai ni daban ne, kuma bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal, malamin gona ne ni mai ritaya, a Sandamu nake zaune. Matata Hajiya Rabi tela ce, shekara talatin da huɗu muna tare, kuma a cikinsu ban tuna ranar da na ci ta a gardama ba. Tana da haƙorin Makka a sama ta gefen hagu, wanda in ta yi dariya sai ya yi wal. Bari in faɗi laifina tun yanzu, don shi ne rabin labarin. Shekara goma sha tara da suka wuce muka sauke farali tare. Ranar sa haƙori ta zauna cikin mata tana jiran layi, ni na shiga ciniki da mai shagon. Ya nuna mini iri biyu, na zinariya da wani mai kama da shi. Ni kuwa a shagon da ke maƙwabtaka na riga na ga wani agogo da ya shiga raina. Na zaɓi mai kamar, na sayi agogona, na fito na ce mata zinariya ce tsantsa. Tun daga ranar, duk biki duk suna, haka take gaya wa mata: “Alhaji ne ya zaɓa da kansa.”

A daminar bara ciwon kai ya sa ta a gaba. Muka ɗauka ido ne, saboda zura zare a allura. Sai wata safiya na ji ƙarar faɗuwar kujera, na shiga na tarar da ita a ƙasa kusa da keken ɗinki, jikinta yana karkarwa, ba ta san inda take ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Daga Daura aka tura mu Kano, aka sa ta a na'urar nan mai kama da rami aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya nuna mana wani ƙullu, bai kai ƙwallon dabino ba, a ƙasan goshi bayan idon hagu. Ya ce ɗayan biyu ne. Ko ciwon daji, wanda sai an buɗe kai, ko kuwa ƙwayar cutar tarin fuka ce ta bi jini ta je ta yi gida a can, wadda ƙwayoyin magani ke narkarwa. Hoto ba zai bambanta su ba. Akwai wani gwaji da suke kira MRS da zai taimaka, amma tasu na'urar mai yin sa tana jiran kayan gyara, ba a san ranar zuwansu ba. 'Yarmu Sadiya, ma'aikaciyar jinya a Katsina, ita ta nemo wani asibiti a Alƙahira, ita da 'yan'uwanta suka yi abin da ya kamata, sai fasfo kawai aka miƙo mana.

Ana jibi za mu tashi na biya ta shagon Emeka mai kayan gyaran babur a Daura, abokina tun ina hawa babur ɗin gwamnati. Da ya ji da buhun leda mai zif zan tafi, sai ya riƙe kai.

“Haba Alhaji! Kana so ka kunyata Daura gaba ɗaya?”

Ya shiga ciki ya fito da akwatinsa mai taya, ya ce in ya dawo da ƙwarzane ko ɗaya shi da ni ne. Da zan fita ya kamo hannuna ya rage murya, ya ce ranar Lahadi za su sa Mama a addu'a.

Daga tashar Daura muka shiga motar Kano. Na saya wa Hajiya kujerar gaba don ta miƙe ƙafa, ashe direba na ɗaukar wa alƙali. Kafin mu kai Kazaure ta gaya masa gudunsa ya yi yawa, waƙarsa ba ta da ma'ana, kuma telan da ya ɗinka masa riga ya cuce shi a wuya. Wajen Dambatta taya ta yi faci. Muka zauna a inuwa muna shan fura, tana ta ba'a da mai furar, ni kuwa ina kallon gefen kanta ina tunanin abin da ke ciki. Ta juyo ta kama ni.

“Alhaji, ka daina kallona kamar ragon layya. Sha furarka.”

Na sha, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Jirgi bai ba mu wahala ba, mun taɓa hawa. Wahalar tana filin jirgin Alƙahira. An buga mana hatimi lafiya, sai wajen duba kaya wani jami'i mai gashin baki ya ce a buɗe akwatin Emeka. Ni ban san abin da Hajiya ta cusa a ƙarƙashin tufafi ba. Ga garin kuka, ga kuɓewa busasshiya, ga yaji, ga daddawa ƙulli uku. Mutumin ya kwance ƙulli ɗaya ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana, ya kira na uku. Na tattaro Larabcina na zaure na ce musu wannan abinci ne, daga 'ya'yan itace ake yin sa. Suka dubi juna suka fashe da dariya, ɗaya ya ce ina magana kamar limamin Juma'a a kan mumbari. Hajiya ta gutsuri daddawar ta jefa a baki a gabansu. Mai gashin bakin ya ɗaga hannu sama, ya rufe akwatin da kansa, ya ce mu tafi Allah ya ba da lafiya.

Masaukinmu ɗaki ne a hawa na biyar, a gidan wata gwauruwa da ake kira Ummu Karim, mace mai jiki da murya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda take cefane. Ba ta sauka. Kwando ne da igiya, sai ta leƙa ta baranda ta ƙwala wa mai gurasa kira, ta zura kwandon, ya sa mata, ta jawo kamar mai ɗiban ruwa a rijiya. Da safe wake suke ci, dafaffe lugub da mai da lemon tsami. Da rana aka kawo mana wani abu wai kushari: shinkafa da taliya da wani ɗan wake da soyayyiyar albasa, duk a kwano ɗaya, kamar an share ɗakin ajiya. Na raina shi, na kuma cinye. Shayinsu kuwa ba madara, sukari ne da ɗan ruwa. Maza in sun haɗu sai su sumbaci kumatun juna. Maƙwabcin Ummu Karim ya yi mini haka ranar farko, na tsaya ƙiƙam ina salati a zuci. Tsallaka titi ban iya ba har na baro ƙasar. Sai in laɓe a gefen wata tsohuwa, in ta taka in taka.

Hajiya ba ta jin Larabci in ban da na salla, Ummu Karim ba ta jin komai sai nata, amma kafin kwana biyu sun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ranar da matar ta kawo mana miyar da suke ji da ita, koriya mai yauƙi, tana ta kirari wai mulukiyya, Hajiya ta ɗanɗana ta dube ni.

“Alhaji, wannan ai lalo ne. Jirgi muka hau muka zo shan miyar lalo?”

Washegari ta shiga kicin ɗin matar ta jefa daddawa a tukunyar. Ummu Karim ta buɗe tagogi duka, amma ta ƙara sau biyu. Ita kuma Hajiya ta gano wani tsohon keken ɗinki a bayan ƙofa, ta warware shi ta sa mai, ya tashi.

A kwana na huɗu muka je asibiti. Likitar mace ce, Dakta Muna, siririya mai tabarau, tana jin Turanci, don haka ni ne tafinta. Na tambaye ta bambancin wannan gwaji da wanda aka yi a Kano, tunda na'urar iri ɗaya na gani. Ta tambayi sana'ata, na gaya mata. Ta ce to, in na tsaya a bakin gona na dube ta, zan san girmanta da inda ta yi tudu, amma zan san abin da ke cikin ƙasar? Na ce a'a, sai an ɗebi ƙasa an kai ɗakin gwaji. Ta ce hoton Kano kallon gona ne, wannan kuwa gwajin ƙasa ne, sai dai ba a haƙa komai. Na'urar babban mayen ƙarfe ce. Za ta zaɓi ɗan wuri a cikin ƙwaƙwalwa, kamar girman ƙwayar sukari, daidai kan ƙullun, ta aika masa da igiyar rediyo. Kowane sinadari da ke wurin yana da irin amsar da yake mayarwa, na'urar ta saurara ta zana layi mai tsinaye. Tsinin wani sinadari da ake kira kolin in ya yi tsawo sosai, alama ce ƙwayoyin jiki na ta hayayyafa, irin ta daji. In kuwa tsinin kitse ne ya tashi shi kaɗai, kolin yana kwance, an fi ganin haka a ƙullun tarin fuka. Na fahimta sarai, har na ji kamar ni na ƙirƙiro na'urar.

Sai aka zo tambayoyin ƙarfe. Aka cire 'yan kunne da awarwaro, aka sa ta wanke kwalli, wai shi ma yana iya ɓata aikin. Dakta Muna ta nuna haƙorin.

“Gaya mata zinariya ce tsantsa,” in ji Hajiya. “Kai ka zaɓa.”

Na juya na faɗa da Turanci. A Kano ma haka muka ce, kuma hoto ya fito, don haka na lallashi kaina cewa ba komai.

Aka shigar da ita, ni ina zaune a waje ina jin na'urar tana bugu kamar ana dakan gero a gida goma. Bayan kusan rabin awa Dakta Muna ta leƙo ta kira ni. Ta nuna mini allon kwamfuta. Ba tsini ko ɗaya, sai wani layi mai kumburi kamar kunyar da ruwa ya zaizaye. Ta ce wannan gwaji ba ya son ko ɗan karkata a ƙarfin mayen ƙarfen, kuma ƙullun yana ƙasa-ƙasa, ba nisa da baki. Akwai abin da ke jan ƙarfin gefe guda, duk amsoshin sun cakuɗe. Ta cire tabarau ta dube ni.

“Zinariya ba ta yin haka. Ka tabbata zinariya ce?”

Agogon yana ɗaure a hannuna a lokacin. Na dube shi, na ce mata a'a. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce a cire haƙorin gobe, a dawo jibi, kuma ni zan yi wa matata bayani, don ita ba ta jin Hausa.

A tasi Hajiya ta tambaye ni me aka gani, na ce sai mun isa. Muka isa, na yi alwala, na yi la'asar, na daɗe a zaune kan darduma fiye da yadda na saba. Na same ta a baranda tana gyara wa Ummu Karim bakin labule. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

“Hajiya, gwajin bai yi ba. Haƙorinki ne ya hana.”

“To.”

“Ba zinariya ba ce. Ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinariya. Ni na zaɓi mai arha don in sayi agogon nan. Kuma yau da aka tambaya na sake yin ƙarya, alhali ranki ake magana. Ki yafe mini.”

Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layin, ta ciji zaren.

“Alhaji, ka san ɗan mayen ƙarfen nan da nake tsince allurai da shi? Wata biyu da dawowarmu daga Makka, ina riƙe da allura a baki, na kai shi kusa don in karɓe ta, sai na ji yana jan haƙorina.”

Na ɗago na dube ta.

“Shekara goma sha tara kin sani? To me ya sa kike ta gaya wa mata zinariya ce?”

“In ce musu mijina ya yi mini rowa a gaban Ka'aba? Asirinka ai nawa ne. Kuma kullum na faɗa a gabanka ina kallon kunnuwanka, sai su yi ta motsi. Ina jin daɗin abin.”

Na ce to yau fa, me ya sa ba ta faɗi gaskiya ba?

Nan ta ajiye labulen. Ta ce ba ta san zai hana aiki ba. Kuma ta yi tunanin in dai har buɗe kan za a yi, ba ta sani ba ko za ta tashi, tana so kafin nan in faɗa da bakina, ba don ita ba, don kada in zauna da shi ni kaɗai bayan ba ta.

“Na yafe maka tun a shekarar farko,” in ji ta. “Kai ne dai ba ka zo ka karɓa ba.”

Ni dattijo ne mai jikoki bakwai, amma na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka. Ummu Karim ta fito da shayi ta gan mu, ta ɗauka mummunan sakamako aka ba mu, ta ajiye tire ta fara nata kukan da kururuwa. Da ƙyar na samo Larabcin da zan gaya mata ba a ma yi gwajin ba tukuna.

Likitan haƙori bai yi minti goma ba ya zare shi daga kan na asalin. Ya juya shi a tafin hannu, ya dube ni. Hajiya ta karɓi abinta ta ƙulle a bakin mayafi, ta ƙi buɗe baki har muka koma masauki, wai iska na shiga. Daga ranar kuma in za ta yi dariya sai ta rufe baki da mayafi.

Ranar da aka sake gwajin na bar agogon a masauki. Da aka gama, Dakta Muna ta kira mu mu biyu. Wannan karon layin ya fito tsaf, tsinaye a jere kamar gero ya yi kai. Ta nuna mana na gefen lafiyayye don mu gwada, sannan ta nuna na ƙullun. Wani tsini guda ya tashi ya fi kowa tsawo a can gefen dama. Ban jira ta ba, na tambaya ko shi ne kolin. Ta ce a'a, kolin ga shi nan a gajarce, wannan dogon kitse ne. Ta ce kada mu ɗauka an gama, gwajin nan ba ya rantsuwa, amma in an haɗa shi da na jini da hoton ƙirji, duk sun karkata ga tarin fuka. Ba za a taɓa kanta ba. Za ta sha magani wata da watanni ba fashi, a sake hoto a Kano a ga ko ƙullun ya ragu.

Na fassara wa Hajiya. Ta yi hamdala sau uku, sannan ta ce, “Wato kitse ne a kaina? Ai kuwa na daɗe ina cewa naka kan ne.”

Dakta Muna ta roƙi izinin ajiye zanen, ba tare da suna ba, cikin waɗanda take nazari a kansu don a ƙara gane irin wannan ciwo. Hajiya ta ce a gaya mata ta ɗauka, in zai hana a fasa kan 'yar wani.

Ranar tafiya Ummu Karim ta rungume Hajiya suka daɗe, kowacce tana magana da harshenta. An bar mata ƙulli ɗaya na daddawa. Kafin mu wuce filin jirgi na ce direba ya biya da mu kasuwar 'yan zinariya, in sa mata na gaske. Hajiya ta ce ba ta so, ai akwai sauran hotuna a gaba, kuma yanzu ko na rantse sai ta gwada da mayen ƙarfe. Akwatin Emeka ya dawo da ƙwarzane biyu. Emeka ya duba, ya tambayi jikin Mama, da na gaya masa ya ce in riƙe akwatin ma gaba ɗaya.

Maganin yana da wuya, ya canza mata launin fitsari, ya hana ta cin abinci makonni, amma Sadiya na kira kullum da safe ta ji ko an sha. Tsohon haƙorin yana nan manne da ɗan mayen ƙarfen a kan keken ɗinki, cikin allurai. In na fara ɗaga murya a kan wani abu, sai ta miƙa hannu ta ɗan juya shi ya fuskance ni, ta ci gaba da ɗinkinta.

Wata shida cif muka koma Kano. Likitan ya jera tsohon hoto da sabo, ya ce mu nemo ƙullun da kanmu. Da ƙyar na gano shi, ya koma kamar ƙwayar dawa. A motar dawowa, wajen Kazaure, direba ya faɗi wani abin dariya, Hajiya ta manta da rufe baki da mayafi, ta yi dariya sosai. Sai na ga haƙorinta na asali, wanda rabona da shi shekara goma sha tara. Ya ɗan yi duhu, kuma ga 'yar ɓantarar nan a gefensa. Na tuna ranar da ta same ta: tana amarya, na kawo mata goruba daga gona, ta gasa mata haƙori da ƙarfi don kada in ce ba ta so.

“Kallon me kuma kake yi, Alhaji?”

“Gorubar nan,” na ce.

Ta kai harshe ta taɓa wurin. Ba ta sake jan mayafin ba har muka iso Sandamu.